SANA'AR ƘARFE DA AIKIN INJI: BAYANI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU A ƘASAR DAURA

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakiman ƙasar Daura da Malaman da ke riƙe da littattafan gundumominsu. Abin nufi shi ne su san hanyoyin da yaro zai bi ya zama maƙerin zamani, ko makaniki, ko Injiniya, don in uba ya zo ƙofar Hakimi da ɗansa yana neman shawara, ya tarad da amsa a shirye. Talaka ba ya tafiya Katsina ko Abuja don ya yi tambaya. Wurin Mai'unguwa ya kan fara, Mai'unguwa ya kai shi wurin Dagaci, Dagaci ya kai shi gaban Hakimi. Saboda haka abin da Hakimi ya sani ya kan isa kowane ƙauye da kowace ruga, abin da ya ɓace masa kuwa ya ɓace wa gunduma duka.

DALILIN WANNAN BAYANI

1. Cikin 'yan shekarun nan abubuwa uku sun zo ƙasar Daura waɗanda dā babu su. Na fari, a 2019 Gwamnatin Tarayya ta kafa babbar makarantar fasaha, watau Foliteknik, a Daura. Na biyu, ran 2 ga Disamba 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, aka sa hannu a dokarta a 2023. Na uku, a watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara za ta bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya.

2. Duk abubuwan nan uku ƙarfe da inji su ke bukata, da mutanen da suka san su. Hanyar jirgi ba a gama ta a tafi a bar ta. Kullum tana neman mai duba dogo, da mai walda, da mai gyaran kan jirgi da taragai. In ba a sami waɗannan a Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa ba, lalle za a kawo su daga wani wuri, 'ya'yan ƙasa kuwa su tsaya bakin tasha suna dako da sayad da ruwa. Koyon irin wannan aiki ya kan ci shekara uku zuwa biyar, don haka yaron da a ke so ya riƙe shi gobe, yau ne za a sa shi a hanya.

ƘIRA TSOHUWAR SANA'A CE A ƘASAR NAN

3. Akwai iyaye masu ganin aikin ƙarfe aikin wanda karatu ya gagara ne, ko kuwa aikin gidan da aka gaje shi kaɗai. Ya kamata Hakimai su tuna musu da abin da tarihi ya ajiye. A labarin da aka gada na Bayajida, kafin ya iso Daura sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, da ita ya kashe macijin rijiyar Kusugu a zamanin Sarauniya Daurama. Har wa yau, labarin kafuwar Kano ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama suka zauna. Masu haƙar kayan tarihi kuma sun sami matoyar tama a Taruga, kusa da Abuja, wadda shekarunta sun haura 2,000. Watau tun kafin zuwan Turawa da nisa mutanen wannan ƙasa su ke fid da ƙarfe daga dutse.

4. Ta wajen addini ma ba abin da za a ce. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da a ke kira da sunan ƙarfe, watau Suratul Hadid, ita ce ta 57. Malamai sun san labarin Annabi Dawuda, wanda aka tausasa wa ƙarfe yana ƙera sulke, da na Zulƙarnaini wanda ya yi katanga da guntayen ƙarfe da narkakken jan ƙarfe. Sana'ar da Annabi ya ci abinci da ita ba ta zama abin kunya ga ɗan kowa ba.

5. Maƙeran gargajiya kashi biyu ne. Akwai maƙeran baƙi, masu yin fartanya da garma da lauje da gatari da dagi da linzami. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, su ne ke yin mundaye da zobba da kayan adon doki. Kowane manomi a ƙasar Daura ya san in damina ta kusa, maƙera ce wurin da ya fi ko'ina cika. Sarautar Sarkin Maƙera da ke garuruwan Hausa shaida ce cewa sarakuna sun daɗe da sanin darajar wannan sana'a, gama ba a noma sai da ita, dā kuma ba a yaƙi sai da ita.

ABIN DA YA SAKE

6. Abin da ya raba ƙirar dā da ta yanzu shi ne awo. Maƙerin gargajiya da ido ya ke aiki. In ya ƙera fartanya goma, kowace da kamanninta, kuma ba laifi, gama kowace ƙota za a sassaƙa mata tata. Amma inji ba ya karɓar haka. In ƙusa ta karye cikin injin niƙa, wadda za a sa madadinta dole ta yi daidai da ita, ba ƙari ba ragi. Makanikai suna da ma'aunin da ke raba milimita ɗaya gida 100, milimita kuwa ba ta kai kaurin ƙwayar gero ba.

7. Ga misalai biyu don Malamai su gane dalilin da a ke matsa wa yara su koyi lissafi. Tsohuwar hanyar jirgi da ta iso Kano a 1911 tazarar da ke tsakanin dogayenta milimita 1,067 ce. Sabuwar da a ke shimfiɗawa tata 1,435 ce. Jirgin da aka yi domin ɗaya ba zai hau ɗayar ba. Sa'an nan ƙarfe ya kan miƙe in ya ji zafi, ya tsuke in ya ji sanyi. Dogo mai tsawon mita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 10, zai ƙara tsawo da wajen milimita 12. Wanda ya san bambancin asubar hunturu da tsakar ranar bazara a Daura zai gane cewa in mai shimfiɗa dogo bai lissafta wannan ba, dogon na iya lanƙwashewa jirgi ya kauce.

8. Misali na biyu na cikin kasuwa ne. Mai injin niƙa yana da inji mai juyi 1,500 a minti guda, faifan da bel ke hawa a kansa faɗinsa santimita 10. In faifan da ke jikin abin niƙan faɗinsa santimita 30 ne, to, zai yi juyi 500 ke nan a minti, watau sulusi, amma da ƙarfi fiye da na farkon. In aka sa faifan da bai dace ba, ko gari ya ƙi laushi, ko inji ya riƙa shan mai a banza. Yaron da ya iya wannan ɗan lissafi ya fi wanda ke gwaji har ya dace.

9. Ilmin zamani bai rushe na maƙera ba, bayani ya yi masa. Maƙeri ya san in zai yi wuƙa ko gatari, tsohon sifirin mota ya fi rodi, kuma ya san ya gasa ƙarfen ya yi ja, ya tsoma a ruwa ko mai don ya yi tauri, sa'an nan ya sake ɗumama shi kaɗan don kada ya karye. A makaranta za a gaya wa yaro dalili. Akwai sinadarin gawayi, wanda a ke kira kabon, a cikin ƙarfe. In ya yi kaɗan, kamar a rodi da falankin ƙofa, ƙarfen ya kan yi laushi ya lanƙwasu, ya kuma karɓi walda. In ya ɗan ƙaru, kamar a sifirin, ƙarfen ya kan karɓi tauri ya riƙe kaifi. In ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin 100, kamar a ƙarfen zubi, sai ya zama mai fashewa in an buga shi. Haka kuma zai san tsantsar ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,538, jan ƙarfe 1,085, alminiyam kuwa 660 kawai, shi ya sa masu zubin tukwane ke narka shi da gawayi da zugazugi. Ɗan maƙeri da ya je makaranta ya riga sauran yara da rabin tafiya, gama hannunsa ya san abin da a ke gaya wa kunnensa.

RASSAN SANA'AR

10. Aikin ƙarfe da inji ba abu guda ba ne. Ga manyan rassansa:

(a) Walda da haɗa ƙarafa. Su ne masu yanka falanki da bututu da rodi su haɗa ƙofofi da tagogi da gadaje da tankunan ruwa da amalanken shanu. Walda iri biyu ce aka fi sani: ta lantarki, wadda a ke yi da sandar walda, da ta gas, wadda harshen wutarta ya kan haura digiri 3,000.

(b) Fere ƙarfe da harhaɗa inji. Su ne ke tsaye gaban injin da ke juya ƙarfe ana fere shi har ya kai awon da a ke so. In wani sashe na inji ya lalace babu shi a kasuwa, su ke yin sabo.

(c) Zubi. Su ne ke narka ƙarfe su zuba shi a mazubin yashi ya fito da siffar da aka nufa, tun daga tukunya har zuwa faifan inji.

(d) Makanikanci. Akwai na mota da babur da Keke Napep, akwai na tarakta da manyan motocin gini, akwai na injin ban ruwa da janareta. Injin fetur da na gas ba aikinsu ɗaya ba, ko da ya ke duka biyu wuta ce ke tashi a cikinsu ta tura fistin.

(e) Aikin Injiniya. Shi ne mai zana inji a takarda ko a kwamfuta tun ba a yanka ƙarfe ba, ya lissafta nauyin da zai ɗauka, ya zaɓi irin ƙarfen da ya dace, ya kuma ɗauki alhakin aikin in ya ɓaci.

11. Ba sai an je birni za a ga bukatar waɗannan ba. Tun da aka shigo da garmar shanu ƙasar Hausa manoma ke neman mai yi mata baki. Masu noman rani a gefen madatsun ruwa na Sabke da Daberam da injin ban ruwa su ke aiki. Rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka, masu tuƙa-tuƙa da masu aiki da hasken rana, sau da yawa su kan tsaya wata da watanni saboda ɗan abin da bai kai tafin hannu ba, mata da yara su koma tafiya mai nisa neman ruwa. Injin sussukar gero, da na ɓarar gyaɗa, da na matsar mai, duk ana iya ƙera su a gida. Motocin da ke zuwa kasuwar Mai'aduwa, da masu ƙetarawa Nijar ta Kongolam, kowace tana bukatar makaniki. Wanda ya je kasuwar Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai ga yadda dubban mutane ke ci daga ƙarfe.

HANYOYIN KOYO

12. Hanyoyi huɗu ne, kuma wanda ya fara da ta ƙasa yana iya hawa zuwa ta sama in ya yi himma.

13. Hanya ta fari ita ce koyo wurin ubangida. Ita ce tsohuwar hanya, ita ce kuma mafi yawan yara ke bi. Amfaninta shi ne ba ta da kuɗin makaranta, kuma yaro yana ganin aiki na gaske tun ran farko. Aibinta kuwa biyu ne. Yaro ba ya wuce abin da ubangidansa ya sani, sa'an nan ya kan fita ba shi da takardar shaida. Maganin wannan shi ne jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da mataki uku, a fara da na uku, sai na biyu, sai na ɗaya wanda ya fi duka. Mai wannan takarda yana iya neman aiki a kamfani ko a ma'aikatar Gwamnati.

14. Hanya ta biyu ita ce makarantar koyon sana'a ta Gwamnati. Yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare ya ke shiga, ya yi shekara uku. Jihar Katsina tana da irinta a Mashi, wadda ke kan hanyar Daura zuwa Katsina, da Ingawa da Funtuwa. A can a kan haɗa aikin hannu da lissafi da Turanci da kimiyya da zanen inji. A ƙarshe yaro ya ɗauki jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ya sami takardar da a ke kira NTC. Ya kamata iyaye su sani cewa wannan takarda ba ta rufe ƙofar ci gaba da karatu. In yaro ya ci darussan da a ke bukata, da ita zai nemi Foliteknik ko jami'a.

15. Hanya ta uku ita ce Foliteknik. Shekara biyu a sami ƙaramar difloma, watau ND, sa'an nan a fita shekara guda a yi aiki a masana'anta, a komo a yi shekara biyu a sami babbar difloma, watau HND. Ban da ta Daura, akwai Foliteknik ta Hassan Usman a Katsina, da ta Kaduna wadda ta faro a 1956 tana makarantar fasaha, ta zama Foliteknik a 1968. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, ita ke duba kowane fanni na waɗannan makarantu ta amince da shi. Kafin uba ya biya kuɗi, a tambaya ko fannin da ɗansa zai shiga yana da amincewar wannan hukuma.

16. Hanya ta huɗu ita ce jami'a. Karatun Injiniya shekara biyar ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ita ce uwa a Arewa wajen wannan fanni, akwai kuma Jami'ar Bayero ta Kano. Jami'ar Sufuri ta Daura an kafa ta ne musamman domin fannonin da suka shafi jirgin ƙasa da hanyoyi da injuna da tafiyad da sufuri.

17. Ga abin da Malamai za su rubuta su ajiye, gama nan yara da yawa ke faɗuwa. Mai son karatun Injiniya dole ya ci darasi biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar gama sakandare, cikinsu lalle da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Waɗannan huɗu ne kuma zai ɗauka a jarrabawar JAMB. Yaron da ya bar ajin kimiyya tun a farkon babbar sakandare ya rufe wa kansa wannan ƙofa tun shekara uku kafin ya isa gare ta, sau da yawa kuwa shi da ubansa ba su sani ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

18. Ɗaliban Foliteknik da na jami'a a kan tura su masana'antu su koyi aiki a tsakiyar karatunsu, bisa wani shiri da ke ƙarƙashin hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971. Bayan an gama, hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajistar masu aikin. Tana da littafi huɗu: na Injiniyoyi, na masu babbar difloma, na masu ƙaramar difloma, da na gwanayen aikin hannu. Doka ba ta yarda mutum ya kira kansa Injiniya yana karɓar aiki ba sai sunansa na cikin littafin Injiniyoyi. Hakimin da za a yi wa gundumarsa tankin ruwa na sama ko wani babban aiki yana da ikon ya tambayi wannan shaida, gama in tanki ya faɗo, talakawansa zai faɗo wa.

GASKIYAR DA ZA A GAYA WA IYAYE

19. Kada a yi wa iyaye alkawarin cewa kowane yaro da ya gama zai sami aikin albashi. Tarihin masana'antun ƙarfe na Nijeriya darasi ne. A 1982 aka buɗe masana'antar murza ƙarfe ta Katsina, wadda aka gina don ta fid da tan 210,000 na rodi da waya a shekara, tare da 'yan'uwanta biyu a Jos da Oshogbo. An tsara za su riƙa samun ɗanyen ƙarfe daga masana'antar Aladja ta kudu. Da ɗanyen ƙarfen ya yanke aiki ya ja baya, daga baya Gwamnati ta sayad da ita ga 'yan kasuwa. Babbar masana'antar Ajakuta kuwa, wadda aka aza harsashinta a 1980 da taimakon Tarayyar Sobiyat, shekaru suka yi ta wucewa ba ta narka tama ba. Ma'aikata da yawa sun rasa aiki a irin waɗannan wurare. Amma wanda ya fita da sana'a a hannunsa ya kan buɗe rumfa ya ci gaba da ciyad da iyalinsa. Wannan ne fifikon mai aikin hannu a kan mai takarda kaɗai.

20. Sana'ar tana da wahalarta. Wutar lantarki ba kullum ta ke samuwa ba, janareta kuwa yana cin riba. Kayan aiki suna da tsada. Saboda haka yana da kyau yara uku ko huɗu da suka gama tare su haɗa jari su buɗe rumfa guda, wannan ya iya walda, wancan ya iya inji, ɗaya ya riƙe littafin shiga da fita. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

21. 'Yan mata ma suna karatun Injiniya, kuma ba dokar da ta hana su. Zanen inji, da lissafi, da gwajin ƙarfe a ɗakin bincike, da koyarwa, duk aikin ƙwaƙwalwa ne. In yarinya ta nuna hazaƙa a lissafi, a ƙarfafa wa mahaifinta gwiwa ya bar ta a ajin kimiyya.

KIYAYE LAFIYA

22. Hakimai su ne iyayen yaran da ke rumfunan gundumarsu, don haka ya kamata su san haɗarin da ke ciki. Hasken waldar lantarki yana ƙona ido. Yaro ya kan kwana yana jin kamar an zuba masa yashi, in abin ya yawaita kuwa gani ya raunana. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsare wannan haske, sai garkuwar fuska mai gilashin da aka yi domin walda. Ƙarfen da aka shafe da tutiya, irin bututun ruwa da kwanon rufi, in aka yi masa walda ya kan tashi farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, don haka a yi shi a sarari inda iska ke kaɗawa. Tankin mai ko durom da ya taɓa ɗaukar fetur kada a kusa da shi da wuta, ko da an ga ba kome ciki, gama tururin da ya rage shi ke fashewa. Tukunyar kabaid ta masu waldar gas ita ma ta kan fashe in an yi sakaci da ita. Kada a tsaya gaban inji mai juyi da babbar riga ko rawani ko gyale mai lilo. Kada a ta da janareta a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba a gani. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

23. (a) Malamin gunduma ya buɗe littafi ya rubuta maƙera da masu walda da makanikai na kowane gari, da yawan yaran da ke koyo wurin kowannensu, da wanda ke da takardar shaida da wanda ba shi da ita. In kamfani ko Gwamnati ta zo neman ma'aikata, Hakimin da ke da wannan littafi shi zai fara miƙa sunaye.

(b) Hakimi ya riƙa tuntuɓar shugabannin makarantun gundumarsa da ofishin ilmi na Ƙaramar Hukuma don ya san lokacin da a ke sayad da takardun shiga makarantu, ya sa Dagatai da Masu Unguwanni su yi shela, a kuma roƙi limamai su faɗa bayan sallar Juma'a.

(c) Takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan Ƙaramar Hukuma kada a ɓata wa yaro lokaci a kansu. A duba suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a kowace takarda, gama saɓanin harafi guda ya kan sa yaro ya rasa shekara.

(d) In za a ba da yaro koyon sana'a, a rubuta yarjejeniya gaban Dagaci da shaidu: shekarun da zai yi, da abin da za a koya masa, da wanda zai ciyad da shi, da lokacin da za a bar masa don karatun allo da na boko, da abin da za a sallame shi da shi. Wannan ya kan hana a mai da yaro ɗan aike shekara da shekaru bai riƙe masaba ba.

(e) A ja Sarakunan Maƙera a jiki cikin wannan al'amari. Su ke da maƙera, su yara ke jin maganarsu. A nuna musu cewa sa ɗa a makaranta ƙarfafa gadon gidansu ne.

(f) Aikin ƙarfe na masallaci da makaranta da kasuwa da asibiti, in akwai mai iya shi a gunduma, a fara ba shi, muddin aikinsa ya yi kyau. Yara su kan bi sana'ar da suka ga tana ciyad da mai ita.

(g) Masu hali na gunduma a tuna musu cewa saya wa yaron da ya gama koyo injin walda ko akwatin sifanu sadaka ce mai gudana.

KAMMALAWA

24. Makarantu sun zo har gida, hanyar jirgi kuma an ja ta ta ƙofar gari. Abin da ya rage shi ne a sami yaran da za su shiga, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai iyaye sun ji daga bakin shugabannin da suka amince da su. Ana fatan kowane Hakimi zai sa a karanta wannan ɗan littafi a majalisarsa gaban Dagatai, Malaminsa kuma ya ajiye shi kusa don amsa tambayoyin jama'a. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimaki Hakimai bisa riƙon talakawansu, ya sa albarka a hannun 'ya'yan ƙasar Daura. Amin.